Ƙugin Tele

Tele ɗinmu ta kama ƙugi.
Ba tsawa ba ne, ba kuka ba,
wani zuuu ne siriri, kamar zanzaro
ya kama haya a bayan gilashi.

Sahabi ya aiko ta daga Abijan
shekarar da ya ce zai zo da damina.
Tele ta iso Tawa.
Shi har yau yana hanya.

Na fara da maganin kowa:
mari ɗaya a kumatun hagu.
Ta yi shiru kamar ta ji kunya,
na juya baya, ta ci gaba.
Na rage murya har ƙasa,
mai labarai yana motsa baki kamar kifi,
ƙugin bai ragu ba.
Na hau soro na murɗa eriya,
jikata daga ƙasa tana ihu:
"Ya tafi! A'a Kaka, ya dawo!"

Ranar Lahadi na ɗaura ta a amalanke,
na lulluɓe ta da bargo kamar majinyaci,
har rumfar Alzuma a Bilbis.
Ya kwance ƙusa shida, ya zuba a murfin kwalba,
ya hura, ya sa kunne, ya taɓa lasifika,
ya jona ta.
Murya garau, kamar ruwan randa.
"Baba Tankari, tsufa ne ke maka kiɗa a kunne."
Na biya dala ɗari kuɗin zagi.

Da dare, ana tsakar kokowa,
ɗan Tawa ya kama ƙafar abokin karo,
sai zuuu.

Na rantse ba zan kwanta ba.
Na bi waya da hannu, taƙi taƙi,
ta bayan kabad, ta ƙarƙashin labule,
har inda ta haɗa kai da wata
a soket guda mai baƙin baki.
Na zare waccan.

Shiru.
Har numfashin alƙalin wasa na ji.

Sai muryar Tsahara daga tsakar gida:
"Wa ya kashe mini firji?"

Firjin nan da ta saya da adashen wata goma.
A ciki zoɓo ɗari da hamsin ke barci a leda,
da ƙanƙarar da direbobin tasha ke jira.
Daga cikinsa ake awon gero,
daga cikinsa kuɗin kuran,
har da dala ɗarin Alzuma.
Matar Sahabi ce, ba ta taɓa lissafa mini ba.

Na tsaya da kan waya a hannu.
Soket ɗaya gare mu a ɗakin nan.

Na mayar.
Firji ya yi tari, ya kama aiki,
zanzaro ya koma ɗakinsa.

An yi kaye ban gani ba.
Jikata ta ce, "Kaka, ba ka gyara ba?"
Na ce matso, zauna nan.
Tukunya ce ke magana,
ba a ce mata yi shiru.