Kumfar da Ta Ɓuya

Jirgin farko da na zuba a Guri
ya fito sumul kamar sabuwar ƙwarya.
Kwana tara ya yi a ruwa.
Na goma Kallamu ya jawo shi gaɓa,
ya danna babban yatsa a cikinsa,
wurin ya lotsa, ya yi ƙarar busasshen ganye.
Bai ce uffan ba. Ya saɓi komarsa ya wuce.

Na tsaga wurin da wuƙa.
Tsakanin faiba da faiba ga ɗan kogo,
iska ce ta kwanta tun ranar shafi,
ba ta kai ƙwayar gujiya ba,
ita ta ci mini kuɗin buhu huɗu na shinkafa.

Da ido nake auna ruwan daskarwa a da,
in ɗiga, in ce ya isa.
Rana na take, rezin ya kama tun ban kai goshin jirgi ba,
burushi ya sandare a hannuna.
Yanzu sirinji na sayo a kemis ɗin Ilu,
in ja, in duba layi,
in rubuta a bango da gawayi.
Da asuba nake farawa
kafin zafi ya zo ya sa ni gaggawa.

Goggo Ladidi ta leƙo wata Laraba
da kaba a hammata,
ta tarar na jera zaren duk fuska guda.
Ta ce, "Wa ya koya maka saƙa?
Tabarmar da ba a gitta ba ai tsintsiya ce."
Tun ranar, shimfiɗa ɗaya gabas,
ta biyu kudu,
ta uku a karkace.

Na zura wosha ashirin da biyu a wayar ƙafar keke,
ta zama rola.
Daga tsakiya nake turawa zuwa baki, sannu,
ina jin iska na fita, tsis, tsis,
har farin zaren ya jiƙe ya koma garau
in hango mazubi ta cikinsa.

Ƙaiƙayin dai bai bar ni ba,
ko da safar hannu, yana bina har shimfiɗa.

Jiya Kallamu ya dawo.
Ya bi sabon jirgin da ƙwanƙwasa
daga goshi har wutsiya, kunnensa a jikin,
kamar mai zaɓen kankana.
Ya jima a gindin, wurin da na farko ya lotsa.
Sannan ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa,
ya ce, "Nawa?"