Shayi a Shagon Gershon

Ruwa bai ɗauke ba tun asuba a Manchester.
Na kai wando wurin Gershon, tsohon tela,
ya ce in zauna, buta ta kusa tafasa.

Rediyo na kan kanta, tana ƙirga gawarwaki.
Ya miƙa hannu ya rage mata murya, bai kashe ba.
Na lura da wannan.

Na zo da magana cike da baki,
irin wadda muke yi a ƙofar masallaci bayan Juma'a,
inda kowa ya yarda da kowa,
inda "su" buhu ne mai faɗin baki:
a zuba gwamnati, a zuba soja, a zuba jariri, a ɗaure.

Sai ga "su" a gabana, da allura a leɓe,
yana tambaya ko sukari cokali biyu ne.

Na ce abin da ke faruwa a Gaza yana hana ni barci.
A miƙe na faɗa, ban shafa masa zuma ba.
Ya zare allurar. Ya daɗe shiru.
Ya ce jikarsa Tirza tana Haifa,
ta san hanyar ɗakin ɓuya tun ba ta san baƙaƙe ba.
Ya ce shi ma ba ya barci.

Mun yi musu a kan ƙasa, a kan wa ya fara,
a kan shekarar da za a soma lissafi.
Bai sallama mini ba, ban sallama masa ba.
Sau ɗaya harshena ya zame, na ce "ku".
Ya ce, "Ɗanlami, ni ina Prestwich ina ɗinka maɓalli."
Na haɗiye sauran. Magana zarar bunu.
Na ce gwamnatin nake nufi.
Ya ce, "To, kira ta da sunanta,
ni ma ina da abin faɗa a kanta."

Kakata takan ce, in za ka taɓa gyambon mutum,
fara wanke hannunka.

Wajen la'asar ruwa ya tsagaita.
Shi ya tuna mini salla,
ya gane daga yadda nake satar kallon agogo.
Ya rage wa wandon tsawo,
fam takwas, bai sassauta ko sisi ba.
Muka bar maganar a kan tebur tsakanin kofuna biyu,
zare na reto, ba a ƙulle ba.

Akwai wata kwat da hannunta ya yi mini tsawo.
Talata zan kai masa.