Maki Goma Sha Ɗaya

Ruwan la'asar ya sake sauka a Belém,
yana dukan kwanon ɗakinmu kamar mai bin bashi.
Takardu biyu a kan teburin guga,
na danne su da kofi, kada iska ta zaɓa mini.

Ta farko daga Farfesa Nazaré take:
digiri na biyu, shekara biyu,
ɗan tallafi duk wata, ya isa haya da wake,
in bi kwale-kwale tsibiri-tsibiri ina kamun sauro,
in dawo in leƙa cikinsa a ƙarƙashin madubi.

Ta biyu kuwa na san ta kamar yunwar cikina.
Sau uku na cike ta.
Sau uku na zauna a zauren jarrabawar likitanci
biro yana sulɓewa a gumin hannuna.
Bara maki goma sha ɗaya suka raba ni da farar riga.
Yatsun hannu ke nan, da ɗaya na ƙafa.

An ce mai haƙuri kan dafa dutse ya sha romo.
Na hura wutar nan har girata ta ƙone,
dutsen yana nan yana kallona.
Gleice da muka fara tare
yau ita ke sauraron bugun zuciyar jarirai,
ni ko benci ɗaya da yaran da na koya wa lissafi.

Shekara ashirin uwata Raimunda
tana goge rigunan likitocin unguwar masu hali.
Takan ɗaga ɗaya sama,
ta auna ta da kafaɗata da wutsiyar ido,
ta ninke, ba ta ce uffan ba.
Da ma faɗa take yi, da ya fi mini sauƙi.

A kwale-kwale ƙanena Josimar ya cika,
awa huɗu tsakaninmu da likita,
zazzaɓi ya fi injin sauri.
Ranar na yi alkawari, ina 'yar sha huɗu,
ban tambayi farashi ba.

To, me na ɗaukar masa?
In zama mai jiran jirgin a gaɓa,
ko mai tare sauron tun bai kai ga fata ba?
Wani dare sai in ga tambayar tana da kai.
Wani dare in ce: Edileuza, kada ki ruɗi kanki,
gajiya ce ta aro rigar hikima.

Taura biyu ba ta taunuwa,
kuma Juma'a ake rufe ƙofofin duka.

Ruwa ya tsagaita.
"Ɗauke takardunki, 'yar nan, guga zan yi."
Na ɗauka, kowace a hannu guda,
nauyinsu ɗaya, wallahi.
Sauro ya sauka a wuyan hannuna na hagu,
ya kafa baki, ya sha a natse.
Ba ni da hannun marinsa.