Rigar Alhaji Barka

Ran Talata na gama aikin wuyanta,
Laraba na kai ta wurin bugu,
Alhamis aka rufe gadar Ngeli,
mai riga yana ƙetare, bai zo ba.

Shadda ce ruwan toka, yadi goma.
Jaka biyar ya ba ni kafin alƙalami,
saura bakwai, ya ce sai ya dawo.
Da dare in na tsaya bakin Logon
ina hango fitilun Njamena,
kusa, kamar in miƙa hannu in taɓa,
kuɗina na can, ba su koyi iyo ba.

A Kusiri yanzu mutum idanu ne kawai.
Mahauci, mai gawayi, jandarma,
kowa ya ɗaure baki da hanci.
Maina mai shago ya yi sallama sau biyu
ina kallonsa kamar baƙo,
sai da ya ce, "Wata ya mutu fa, tela."
Muryar mai bin bashi
takunkumi bai iya ɓoye ta ba.

Falmata ta yanka sabulu gida huɗu.
Ɗaya na bokitin ƙofa, ɗaya na wanki,
ɗaya na wanka, mu shida,
na huɗun ta ɓoye, ni ma ban san inda yake ba.
Rediyo na cewa a wanke hannu,
a wanke, a kuma wankewa,
gaskiya ne, muna wankewa,
wanda zai biya ɗan garuwa ne bai faɗa ba.

Adashi ya tsaya daidai kan kwasata.
Bukukuwa uku an ɗage,
kekena ya kwana tara bai yi kuka ba.

Sai na juya ga ƙyallayen ƙarƙashin teburi,
waɗanda da nake sharewa waje.
Asta, da aka rufe musu lakwal,
ita ke yanka roba tana ƙirgawa,
ni ina ɗinki, dala ashirin guda.
Jiya na ga ragowar atamfar wata amarya
a fuskar ɗan kabu-kabu, furanni ja,
ya wuce da gudu, ƙato da shi,
na yi dariyar da na daɗe ban yi ba.

Tari ya zama abin kunya.
In ya taso maka cikin kasuwa
haɗiye shi kake kamar laya.
Malam Goni na bayan layinmu ya rasu,
aka ce mutum kaɗan su raka shi.
Muka yi gaisuwa daga bakin zaure,
hannu a ƙirji, kowa nesa da kowa.
Shekara ashirin muna cin tuwo kwano ɗaya,
ban ɗauki ko ƙafar makararsa ba.

Ƙyallaye suka ƙare ran Lahadi.
Gero ya rage tiya ɗaya da rabi.
Na sauko da rigar, na shimfiɗa,
na auna da ido, na buga lissafi:
takunkumi ɗari biyu, ko fiye,
kuɗin shago, gero, har da sukari.
Almakashi na hannuna.
Falmata na tsaye bakin ƙofa da tsintsiya,
ba ta ce yanka ba, ba ta ce bari ba.

Na ce bari in kira shi tukuna.
Sau huɗu tana ƙara, ana biyar ya ɗauka,
numfashi sama-sama, kamar mai hawan tudu.
"Tela, kai ne? An gama?
Ajiye min ita, ran Idi zan saka."
Tari ya ƙwace sauran maganar.
Na ce Allah ya ba da lafiya, Alhaji,
zancen jaka bakwai ban tayar ba.

Na mayar da ita kan ƙusa,
na rufe ta da tsohon zani saboda ƙura.
Gobe zan tsaga labulen ɗakinmu,
shuɗi ne, zai yi kyau a fuska.
Falmata ce dai har yanzu ban gaya wa ba.