Wancan na Taurari

Kwafi ɗaya ne a duk fadarmu ta unguwar Zariya.
Bangon ya tafi tun kafin ya iso hannuna,
ba wanda ya san sunansa,
"wancan na taurari" muke ce masa.
Labari tara, marubuta tara,
da tabon man gyaɗa a shafi na arba'in.

Tsahiru bakanike ya riƙe shi kwana shida,
ya maido shi da baƙin zanen yatsa.
Ya ce, "Jirgi zai shekara ɗari uku a sama
ba mai gyara ko ɗaya a ciki?
Wanda ya rubuta wannan
bai taɓa bin hanyar Dakoro da damina ba."

Zuwaira, mai aikin dare a asibiti,
na uku kaɗai take komawa:
mutum-mutumin da aka koya wa jinya,
tsohuwa ta cika, ya ƙi sakin hannunta.
"Ƙarfe ne," in ji ta, "amma na san shi.
Da ni da shi, bambancinmu jiran albashi."

Malam Nomau bai ce da daɗi ba, bai ce babu ba.
Tambaya ya ajiye mana kusa da gawayi:
a duniyar nan da rana biyu ke faɗuwa,
da wacce ake shan ruwa?
Ma'azu ya ce ta fari, tun ba a rufe baki ba.
Aka yi ta ja har kuran ya ɗauke,
aka ci gaba a cikin duhu.

Barira 'yar lise ta ja layi da jan biro:
"Sun ƙera ƙofa mai buɗe kanta,
sun shuka gero a bayan wata,
amma har can mace ke kawo tuwo."

Baba Jadi ba ya karatu, karanta masa muka yi,
na shida, inda Gulbi ke gudu wata goma sha biyu.
Ya saurara har ƙarshe, ya gyara hula.
"In ruwa bai janye ba, ina za mu dasa tumatir?
Ku ce wa yaron ya rage mana wata huɗu."

To, ga abin da ban faɗa wa kowa ba.
Daren da littafin ya kwana ɗakina
jar akuyar innata ta cinye takardar ƙarshe,
ni kuwa ban kai can ba.
Na tsaya ne daidai inda yarinya,
ita kaɗai a tashar da ke kewaya wata,
ta ji ana ƙwanƙwasa ƙofa.

Kwana biyu ina tambayar kaina wa ya zo.
A na uku na rubuta,
na kai wa mai buga takardu a bakin tasha,
dala ashirin, na manne da ƙaro.
Yarinya ta buɗe, ta tarar da wata halitta
mai ido shida, riƙe da kasko,
ta yi sallama: ɗiban wuta ta zo.

Tsahiru ya ce marubucin ya gaji ne, ya sallame mu.
Ma'azu ya ce a maido wa mai sayen kuɗinsa.
Barira ta ce nan kaɗai littafin ya yi numfashi.
Malam Nomau yana son sanin ko an amsa sallamar.
Zuwaira ta shafa bakin takardar da ɗan yatsa,
ta dube ni, ta daɗe,
sannan ta miƙo kofi.

Na zuba na uku, mai zaƙin.
A bayan katanga, wadda ta san ƙarshen gaskiya
tana kwance kan turke, tana tuƙa.