Huɗu da Rabi

Ranar Talata a Toledo, ruwa na dukan tagogi,
Misis Lorraine Wojcik ta hauro benenmu
da ambulan a ƙarƙashin rigar ruwa,
tana tafe kamar mai tallan ƙwai.
Mujallar zane ce, ta shekarar arba'in da bakwai:
matuƙin jirgi mai koriyar hula
yana kokawa da dorinar ƙarfe a bakin gada.
Santi goma, in ji kusurwar bango.

Ta ce, ta mijina ce, ya rasu a watan Maris.
An ce za ta iya biya mini sabon rufi.

Na sa safar hannu, na kashe wutar ɗaki,
na kunna fitilar nan mai shunayyan haske
wadda ba ta san kara ba.
Nan da nan asiri ya tonu.
Ɗigon baƙar tawada bakwai a gadon baya,
gam ya bi yagar shafi na tara
kamar sawun katantanwa,
ga maho a kusurwar ƙasa, an yanko daga jarida,
an shafa masa ja har ya saje.

Wa ya yi wannan?
Surukina, in ji ta. A masana'antar gilashi yake aiki.
Yaron ya yaga ta yana fama da zazzaɓi,
ya yi kuka har ya shiɗe.
Uban ya dawo aikin dare, ko takalmi bai cire ba,
ya zauna a teburin kicin da alƙalami da gam.
Kafin gari ya waye littafi ya warke.

Masu ba da maki ba su san zazzaɓi ba.
In sun ga hannun mai gyara, tambarin shunayya suke liƙawa,
kuɗi ya zube kamar an huda buhu.
In sun ga yaga tsirara sai su ba da shuɗi,
a wurin gwanjo hannuwa su yi ta tashi.
A kasuwar nan ciwo ya fi magani tsada.

Kwana uku na yi a kanta.
Siririyar aska, auduga a bakin tsinke, tururi kaɗan.
Garin gyaran gira ake rasa ido,
don haka ko numfashi da awo nake yi.
Gam ya saki a hankali, yana gardama.
Tawada kuwa ta ƙi fita sai da fatar takarda,
na kankare, ɗigo bakwai, farin tabo bakwai.
Da na ɗaga mahon
sai ga shatin babban yatsa a busasshen gam,
layi-layi, har da tsagar wani tsohon yanka.
Na daɗe ina kallo.
Darnell ya leƙo da mabuɗi a hannu:
Haladu, biyar ta wuce fa.
Na ɗauke mahon da matsefata,
na ba shi ƙaramin ambulan nasa.

Bayan mako shida ta dawo daga masu maki
a kulle cikin akwatin roba garai-garai,
an liƙe gefe huɗu.
Huɗu da rabi. Tambari shuɗi.
Babu mai sake buɗe shafi na tara.
Ni ne na ƙarshe da ya karanta.

Misis Wojcik ta sa hannu a takardar gwanjo,
ta tambayi ranar da kuɗi zai shigo.
Na miƙa mata ƙaramin ambulan.
Wannan fa?
Wannan ba a ba shi maki, na ce.
Ta ɗaga shi saitin taga, ta gyara tabarau,
ta sa shi a jaka kusa da katin bas.

A bakin matakala ta juyo.
Ya kashe dorinar kuwa?
A'a, na ce. Tana riƙe da ƙafarsa,
sai aka rubuta a ƙasa:
mu haɗu a fitowa ta gaba.