Jan Biro

Ƙarfe huɗu, rana ta riga ta tattara nata ya nata.
Tafkin Duluth ya yi tsit, kamar gidan da aka gama zaman makoki.
Wani jirgin dakon tama ya wuce ta ƙarƙashin gada,
ni kuwa ga ni da takardu sittin da uku
da shayin da ya huce tun tsakar rana.

Na ɗauko ta Linnea.
Shafi biyar a kan hannun kakarta,
hannun da bai manta murza ƙullin burodi ba
bayan mai shi ta manta sunan kowa.
Babu waƙafi inda ya dace.
Aya kuwa, sai ka ci layi tara kafin ka iske ta.
Na ɗaga jan biro. Na ajiye.
Takardar makaranta ta ce: tsari, kashi ashirin; nahawu, talatin.
Ba ta ware ko kashi ɗaya ba
don maƙoshin da ya toshe mini.
Na rubuta saba'in da takwas,
na ji ni kamar mai awon da ya tauye mudu.

Darnell ya turo tasa ƙarfe uku na dare
daga asibitin da yake goge daɓe.
Rabinta ba tasa ba ce. Na san muryarsa,
shi bai taɓa cewa "bugu da ƙari" ba.
Amma a shafi na huɗu na'ura ta ja baya, mutum ya leƙo,
ya ce tsoronsa ɗaya ne:
kada 'yarsa ta kama shi yana bin layi da yatsa.
Jimlar nan ta fi sauran duka nauyi.
Doka dai doka ce.
Na rubuta a gefe: Zo mu yi magana.

Pakou ba ta kawo komai ba.
Kujerarta ta bakin taga tun Oktoba take sanyi.
Gurbin da ke gaban sunanta yana jiran sifili,
na bar shi buɗe,
kamar yadda ake barin ƙofa ga wanda bai dawo ba.
Jibi za a rufe, ko na so ko na ƙi.

Mako goma sha shida.
Daidai lokacin da na gane wa ke dariya don kunya,
wa ke shiru don yunwa,
sai zango ya ƙare.
Shekara goma sha tara ina wannan fito,
ina tsallakar da mutane,
ban taɓa ganin garin da suke sauka ba.

Ga sabon jerin Janairu ya shigo.
Sunaye ashirin da biyar, ba fuska ko ɗaya.
Na karanta su da ƙarfi a ofishin da ba kowa,
na yi tuntuɓe a na bakwai,
na maimaita shi sau uku.
Na ƙi su kaɗan, don ba su ne nawa ba.
Na san kafin Maris za su zama.

Mai shara ya leƙo, ya ce zai kashe fitilar baranda.
Na ce ya kashe.

A waje ƙanƙara ta like gilashin motata.
Ina kankarewa, sai na tsaya,
na koma sama, hawa uku, ina haki,
na laluɓo takardar Linnea cikin tulin.
Makin na bar shi yadda yake.
A ƙarƙashinsa na ƙara:
Wane irin burodi ne?